Irin Kuɓewar Inna

Dutsin-Ma,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Na buɗe wannan takarda da sunan Allah, Mai tsaga ƙwaya a cikin duhun ƙasa Ya fito da ita kore shar. Ina roƙon Ya tsare ka a tafiyarka ta gobe, Ya tsare motar da mai tuƙa ta, Ya sauke ka a makaranta lafiya, Ya haɗa ka da abokai na ƙwarai da malamai masu tausayi. Amin.

Za ka yi mamakin yadda uba da ɗa ke kwana gida ɗaya, tsakaninsu bai wuce katanga ba, amma uban ya ɗauki alƙalami. Dalilin a bayyane yake. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ke kanka. Na tsaya gaban taro na yi lacca ba tare da muryata ta yi rawa ba, na yi muhawara da Turawa a cikin harshensu har suka sallama, na karɓo digiri a shekarun da tsarana ke ganin abin kamar almara, amma har yau ban iya zama da kai kan tabarma ɗaya in dubi idonka in yi maka doguwar magana ba. Na ɗora wannan alkunya a mizanin hankali, ban sami hujjarta ba, na kuma kasa yar da ita. Saboda haka abin da harshe ya gaza, alƙalami zai isar.

Ga maƙasudin wasiƙar, ba tare da doguwar muƙaddima ba. Jiya mahaifiyarka tana jera maka kaya a akwati, sai ta ci karo da wani ƙullin tsumma a ƙarƙashin fararen rigunanka. Ta taɓa ta ji toka da ƙwayoyi, ta gane irin kuɓewar Inna ne, duk wanda ka cire bana, ba ka rage ko kaɗan ba. Ta kuma shaida mini cewa Gwaggo Hajo ta gidan Malam Tanko ta aiko a sam mata, ka ce babu, ƙanwarka Hauwa ta roƙa, ka ce ita ɓarna kawai ta iya. Ma'anar wannan ita ce, irin kuɓewar kakarka, iyakar wanda na san ya rage a bayan ƙasa, yana cikin ƙulli ɗaya, a akwati ɗaya, zai hau bayan mota ɗaya gobe. Ban taɓa ƙullin ba, na kuma hana a taɓa. Naka ne. Amma ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka rufe akwatin.

Kafin nasiha, bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ina alfahari da lambunka. Sau da yawa nakan tsaya ta tagar ɗakina, littafi a hannu kamar ina nazari, alhali kallonka nake yi kana zagaya bayan gida da bokitin ruwan wanke-wanke. A garin da ake jan guga har kafaɗa ta yi ciwo, ka mayar da fili mai tsakuwa wurin da baƙo ke shiga ya manta abin da ya kawo shi. Alayyafo ganye kamar tafin hannu, yakuwa ja da fara, gauta, tumatir da ka ɗaure wa sanduna, kabewa da ta haye danga ta je ta haihu a gidan maƙwabta, zogale jere kamar masu gadi, gwandar nan da ta yi nauyi har ka tokare ta. Ka kafa dokar cewa duk mai alwala a gindin lemun tsami zai yi, har limamin unguwa da ya ziyarce mu ka nuna masa wurin, ya bi umarninka yana dariya. Na karanta ilimin tsirrai a littattafai masu kauri, na san sunayensu da Latinanci, amma na yarda akwai baiwar da ake kira hannu, kuma Allah Ya ba ka ita.

Daga Inna ka gaje ta. Kai ka fi ni saninta a shekarunta na ƙarshe, tunda a ɗakinta ka tashi a Kurfi yayin da nake yawon neman ilimi. Ni abin da nake riƙe da shi shi ne hoton ku biyu in na zo hutu: tana tsugune tana cire ciyawa, kana biye da ita da 'yar fartanyar da maƙeri ya yi maka daidai hannunka, tana ce maka, "Maigida, kai dai ragon miji ne, ga rana ta take ba ka kawo cefane ba." Kai kuma ka tsinko kuɓewa guda ka miƙa mata ka ce ga cefane nan, tsohuwa mai ci da yawa, in ba ta so ta koma gidansu. Wurin bai fi shimfiɗar tabarmi kaɗan ba, a bayan ɗakinta, amma ban taɓa ganin ranar da aka ɗora tukunya a gidan nan babu ɗanyen abu a ciki ba, rani da damina. Kuma sarauniyar wurin ita ce kuɓewar nan gajera mai jan kara, wadda ta zo da irinta daga gidan iyayenta, mai yauƙin da sai an yanke shi da gefen ludayi.

Yanzu ga kurakuraina, zan jera maka su yadda suka faru.

Na farko, a hutun shekarar da aka sami mulkin kai, na sauka Kurfi da kwali cike da abincin gwangwani: wake, kifi, har da wani tumatir da aka niƙa a ƙasar da ban taɓa zuwa ba. Na tara gidan na yi musu bayani kan wayewa da ci gaba, na ce nan gaba kaɗan ba mai buƙatar duƙawa yana tonon ƙasa don miya. Inna ta karɓi gwangwanin tumatir ɗin, ta juya shi, ta tambaye ni yaushe aka tsinke shi. Na ce ba a rubuta ba. Ta ce, "Isiya, ni ban cin abin da ban san ranar da ya rabu da uwarsa ba." Da yamma ta yi mana tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa, wadda aka tsinko bayan ruwa ya tafasa, da daddawa da ɗan man shanu a sama. Na ci malmala biyu na nemi ƙari. Gwangwanayen kuwa, bayan an ci abin cikinsu, a cikinsu ta rena dashen tumatir.

Nasihar a nan ita ce: a makaranta za ka haɗu da yaran da za su ce ganye abincin awaki ne, su yi wa kwaɗon zogale dariya. Kada ka yi musu gardama, ci abinka. Ni da na yi karatun na tabbatar maka, abin da masana ke kira bitamin, wanda ake rubuta wa littattafai ana yi wa taro, shi ne dai abin da ke cikin ramar da kake kwaɗawa da ƙuli-ƙuli. Ɗanye kuma ya fi na ajiya, na kusa ya fi na nesa, wanda ka shuka da hannunka ya fi duka. Wannan ƙa'ida ce, ba ra'ayi ba.

Na biyu ya faru a nan Dutsin-Ma, kana Kurfi lokacin. Na karanta cewa kanwa da yawan tafasa suna kashe amfanin ganye, sai na shiga madafa, wurin da ba a gayyace ni ba, na zartar da hukuncin cewa daga yau an haramta kanwa a gidana. Mahaifiyarka ba ta musa ba. Ta yi miyar kuɓewa yadda na ce, ta kawo mini, ruwa gefe, kuɓewa gefe, kowa na harkarsa. Na kai loma ta zame ta bar miyar a kwano. Ta tsaya bakin ƙofa ta tambaye ni cikin ladabi ko littafin ya faɗi yadda ake haɗiye ta. Daga baya muka yi sulhu irin na masu hankali: ta rage kanwar zuwa ɗan abin da zai tayar da yauƙi, ta kuma karɓi maganata a kan alayyafo, ana zuba shi daga ƙarshe, a sauke shi yana kore. Ka ga ita da gaskiyarta, ni ma da tawa, kuma miyar gidanmu ta fi ta da.

Don haka in ilimi ya zo maka da sabon abu, kada ka shigo da shi gida kamar ɗan doka. Shigo da shi kamar baƙo, ya yi sallama, a ba shi wuri. Kuma ka koyi girki, kada wani ya ce maka aikin mata ne. Mutumin da ya iya shuka bai iya dafawa ba rabin malami ne. Kuɓewa ƙarama ake tsinka, wadda kanta ke karyewa ƙas in ka lanƙwasa, ba a rufe mata tukunya. Yakuwa a fate tana son gauta kusa da ita, tsami da ɗaci su riƙe juna. Kabewa sai ta ƙosa har farce ya kasa shigarta take yin taushe mai daɗi. Gwanda kuwa, a yanka ta da safe a matsa mata lemun tsami. Na ci abinci a manyan ɗakuna da cokali iri-iri jere a gabana, ban ci abin da ya kai wannan ba.

Na uku shi ne babba, kuma saboda shi na zauna rubutu.

Bayan rasuwar Inna, Allah Ya jiƙanta, da aka share makoki, ni na ɗauki nauyin kwashe kayanta. Na shiga madafarta na ga ƙulle-ƙullen tsummoki da ƙananan goruna rataye a rufi, hayaƙi ya mayar da su baƙi ƙirin. Na kwance guda na ga toka. A lokacin kaina cike yake da darussan tsafta da ƙwayoyin cuta, sai na yanke cewa tarkacen tsofaffi ne, matattarar ƙazanta. Na sa aka tattara su aka kai bayan gida aka cinna musu wuta. Ban tambayi kowa ba, domin a ganina ba wanda ya fi ni sani a gidan. Kai kana wurin kiwo da yaran unguwa. Da ka dawo ka ga rufin madafa fayau, ka ruga bayan gida ka sa hannu cikin tokar tana da zafi. Sai a sannan matar kawunka ta gaya mini abin da na ƙona: irin kuɓewa, na gauta, na kabewa, na yakuwa, kowanne an cuɗa shi da toka don ƙwari, an rataye shi a hayaƙi don danshi. Rani ne, lambun ya bushe da rashin mai shi, ba ko kwafsa ɗaya a tsaye. Muka nema a maƙwabta, aka sami gauta da kabewa, amma jar kuɓewa kowa ya ce tasa ta gauraye ko ta ɓace.

Ba ka yi mini rashin kunya ba. Na taho da kai Dutsin-Ma, kana gaishe ni safe da yamma yadda ya kamata, kana cin abin da aka ba ka. Amma duk ranar da aka yi miyar kuɓewar kasuwa, sai ka ce ka ƙoshi. Ina lura. Na rasa kalmar da zan faɗa maka, ni da ake cewa kalmomi sun yi wa yawa.

Ka san abin da ya biyo baya, amma ba ka ji farkon maganar ba, don kana cikin gida lokacin. Damina ta yi nisa, wata ranar kasuwa da hantsi, aka yi sallama a ƙofar gida. Na fito na ga wata mata da kwando a ka, da ɗankwali irin na mutanen kudancin Zariya. Ta ce sunanta Maman Ladi, mijinta kafinta ne, Kiristoci ne, sun taɓa zama a Kurfi kusa da gidanmu kafin aiki ya dawo da su nan. Ta tambaya ko nan ne gidan ɗan Inna. Ta ce shekarun baya ta roƙi iri wurin Inna, Inna ta ba ta, ta kuma gaya mata sharaɗin da ke kansa, wanda ita ma haka aka ba ta: iri ba a sayar da shi, ba a hana wanda ya roƙa, kuma wanda aka ba, nunan farinsa na mai iri ne. Tun daga nan duk shekara takan kai wa Inna tsinkar farko. A wannan shekarar ma ta hau mota ta je Kurfi da kwandonta, ta tarar da ɗaki a rufe. Aka yi mata kwatancen gidana.

Na yi mata godiya, na ce ai mai abin ta riga mu gidan gaskiya, ta koma da kayanta ta ci da iyalinta. Ta sauke kwandon ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Malam, mai iri ta tafi, amma hakkin iri bai tafi ba. Wa ya gaji hannunta a gidan nan?"

Sai ga ka ka fito. Ka dubi kwandon, ka ga jan kara, ka tsuguna. A ƙarƙashin ɗanyun akwai busassun kwafsa da ta bari suka ƙosa tun bara. Ka ɗauki guda ka girgiza a kunnenka. Ta dube ka ta ce, "Af, Maigidan Inna ne ya girma haka? To ga cefanen matarka na kawo." Ranar ka yi dariyar da ban ji ba tun Kurfi, ranar kuma ka ci tuwo har mahaifiyarka ta ce a bar wa almuru wani abu. Na sa hannu a aljihu don in saka mata, ta ja da baya kamar na miƙa mata garwashi, ta ce in na yi haka na ɓata irin.

Abba, ka yi tunani a kan wannan da kyau, domin a nan hujjata take. Inna ta adana irinta da toka, da hayaƙi, da ƙulli mai kyau, duk yadda ya kamata. Wannan duka bai cece shi daga hannuna ba. Abin da ya cece shi shi ne ɗan abin da ta zuba a tafin wata baƙuwa, wadda ba danginta ba, ba addininsu ɗaya ba. Wanda ta ɓoye ya ƙone. Wanda ta bayar shi ya dawo, a kan kai, da ƙafafunsa.

Na san dalilin da ya sa ka hana Gwaggo Hajo da Hauwa. Ba rowa ba ce. Yaron da ke aika wa unguwa alayyafo kafin ya kai madafar gidansu ba marowaci ba ne. Tsoro ne, kuma ni na dasa maka shi. Ka taɓa barin irin a gida ka tafi kiwo, ka dawo ka tarar da toka, sai ka ƙudura ba za ka sake barinsa a inda nake ba. Wannan natija ce mai ma'ana, ban ga laifinka ba. Amma ka sani su Maman Ladi sun koma garinsu tun bara, ba mu san ko ta tafi da irin ba. Ka kuma sani na yi makarantar kwana kafin kai. Duk ranar Asabar ana duba tsafta, a buɗe akwatin kowa a zazzage. Shugaban ɗaki zai ɗago tsumma mai toka daga cikin fararen riguna, ba zai tambaye ka mene ne ba. Na san haka domin na taɓa zama shugaban ɗaki, kuma duniya ba ta rasa masu irin kaina ba. Ko ya tsira daga wannan, akwai ɓera, akwai danshin damina, akwai akwatin da ke faɗowa daga bayan mota.

Shawarata ita ce ka raba shi. Ka tafi da kaso, ka nemi malamin da ke kula da gonar makaranta tun makon farko, ka gaya masa tarihin irin, ka roƙi ɗan wuri kusa da inda ake wanke kwanoni. Ka kai wa Gwaggo Hajo nata da kanka, ka faɗa mata sharaɗin yadda Inna ta faɗa. Ka ba Hauwa, ko da za ta ɓata rabi. Kai ma ka tuttuge dashe da yawa a Kurfi kafin hannunka ya faɗa, Inna ba ta karɓe fartanyarka ba.

Saura ɗaya, kuma shi ya fi yi mini nauyi a rubuta.

Ka ga fangalin da aka tone a gabas da lemun tsami, ka tambayi mahaifiyarka wa ya sa leburori, ta ce ba ta sani ba. Ba leburori ba ne. Ni na tone shi, na zuba masa takin awaki, tafin hannuna ya yi kanta har alli na yi mini wuyar riƙewa a aji. Ina jiran sanyi ya wuce in shuka. Ina da ikon in buɗe akwatinka in ɗiba, ba mai tuhumata. Amma iri ba a ɗaukarsa, roƙonsa ake yi, kuma mai shi yanzu kai ne.

Saboda haka, ni Isiyaku ɗan Inna, wanda ya ƙona na farko, ina roƙon a sam mini iri. Na karɓi sharaɗin duka. Ba zan sayar ba, ba zan hana mai roƙo ba, kuma nunan fari naka ne: zan tsinke shi da hannuna, in hau mota in kawo maka har makaranta, in yi sallama a ƙofa da kwandona kamar yadda aka taɓa yi a tawa.

Yau bayan la'asar za ka same ni a gindin lemun tsami da ɗan ƙoƙo a hannu. Ba sai ka ce komai ba, ni ma ba zan iya ba. In ka zuba, na gode. In ka wuce, zan gane, kuma zan ci gaba da ba lambunka ruwa har ka dawo hutu.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya raba ka da sharrin mutum da na aljan, Ya buɗe maka ƙirji ga karatu, Ya sa albarka a hannunka duk inda ka taɓa ƙasa. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa lambunta na can ya fi na nan. Ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isiyaku.